Sandar da Ba a Kafa a Kalaba Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ne Muhammad Auwal, wanda kowa ya sani da Malam Mati, tsohon malamin lissafi a firamaren Unguwar Ɗorawa, ƙasar Tsanyawa. Ina wannan wasiyya da cikakken hankalina, ko da yake na san a garin nan akwai masu shakkar hankalin tun ina saurayi. Ido ne ya tafi, ƙafa ta kumbura, amma kan yana nan daram. Ni nake faɗa, Malam Jamil na'ibin liman yana rubutawa, kuma na hana shi sassauta mini magana. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Zubair mai fataucin albasa a Kalaba, Kamaruddeen mai noma a gida, da Khairiyya mai koyarwa a Makoda.

Na ɗaya. Idan na cika, a yi mini sutura a kan lokaci, kada a ajiye ni ana jiran motar Kalaba. A yi wankan da ruwan da ya fi kusa. Kada wani ya ruga gonar arewa ɗebo na rijiya wai don yana da albarka. Za ku ga dalilin wannan gargaɗi a gaba.

Na biyu. Gado Allah ya riga ya raba, ba ni da ta cewa. A kira malamai su lissafa. Ina dai tuna muku da Alkawarizmi, masanin da ya zauna a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, wanda daga aikinsa aka samo aljabara. Babban sashe na aikin nan nasa a kan rabon gado ne. Bawan Allah ya zauna ya wahalar da kansa don kada 'yan'uwa su fasa wa juna kai a kan kunya uku ta gero. Na koya muku wannan kuna hamma. To, ko ba ku riƙe lissafin ba, ku riƙe kunyar idon mutane, kada wanda ya tsige gambar iyaka ya matsar da ita.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na tara shaidu. Rijiyar gonar arewa da filin da ke kewaye da ita, daga ɗorawa zuwa hanya, na fitar da su daga cikin sulusina, na yi wakafinsu ga firamaren garin nan. Ba na Zubair ba ne balle ya cike ta, ba na Kamaruddeen ba ne balle ya rufe ta. Mutanen gidan Baturiya, maƙwabtan gonarmu tun zamanin kakanni, su ci gaba da ɗiban ruwansu kamar yadda suka saba, haka ma kowa.

Bari in sake ba ku labarin, tun da yanzu dole ku saurara har ƙarshe.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an yi wani masani a Iskandariyya ta Masar mai suna Eratostenis. Ya sami labarin wani gari can kudu da shi, wajen Aswan ta yau, inda rana ɗaya a shekara rana ke tsayawa cak a tsakiyar kai, har haskenta ya sauka ƙasan rijiya. A wannan ranar kuwa, a garinsa, idan ka kafa sanda sai ka ga tana da 'yar inuwa. Mutane da yawa sun ji wannan sun wuce. Shi sai ya tambayi kansa, don me? Ya gane cewa ƙasa ce a lanƙwashe. Ya auna karkatar inuwar, ya haɗa da nisan garuruwan biyu, ya fitar da girman kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Ba jirgi, ba na'ura. Sanda, da rijiya, da kai mai aiki.

Shekarar da aka haifi Khairiyya, da bazara, wajen ƙarshen Afrilu, na je ɗebo ruwa da tsakar rana. Na leƙa rijiyarmu sai na ga rana zaune a ƙasan ruwa, kewayayya kamar faifai. Na dubi ƙafata, inuwata ta shige ƙarƙashina. Abin da na karanta a kwalejin horon malamai, ga shi a gonar ubana. Na tafi majalisa da guduna na ba da labari, har da zane a ƙasa.

Da shekara ta zagayo na tarar da layin mata da jarkoki tun daga ɗorawa. Wai Malam Mati ya ce ranar da rana ta shiga rijiya ruwan yana maganin shawara da ciwon ido, kuma yaron da ya sha ba ya faɗuwa jarrabawa. Ni na faɗa? Na yi bayani har muryata ta dishe. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Malam, mun gane, ba ka son a san sirrin ne. Allah ya ƙara asiri." Tun daga ranar ban sake ganin ranar nan cikakkiya ba. Kawuna sun rufe bakin rijiya, guga na shiga guga na fita, ruwa na kaɗawa, hasken ya farfashe. Shekara da shekaru ana sha, ba a sami mutum ɗaya da ya tambaye ni abin da ke kawo rana cikin rijiya ba. Masu shawara kuma ba su fasa zuwa asibiti a makare ba.

Wannan ya ƙona mini rai, amma naku ya fi ƙona shi.

Zubair, ranar da ka ce za ka koma Kalaba da sana'a, mahaifiyarku Mairo, Allah ya jiƙanta, kuka ta yi. Ni kuwa taswira na ɗauko. Na ga Kalaba tana kudu da mu kusan sak, nisan ma ya yi kusa da wanda mutumin Iskandariyya ya yi aiki da shi. Na ce Allah ya kawo mini ɗaya rabin aikin. Ga rijiya a nan, ga ɗana a can, ga waya a aljihun kowa. Na sa maƙeri ya miƙe mini sandar ƙarfe, na ɗaura mata zare da dutse don a gane ta tsaya tsaye, na ba ka. Abin da na roƙa kawai, ranar da na kira ka da tsakar rana, ka kafa ta ka auna inuwarta.

Shekarar farko hadari ya rufe Kalaba, wannan daga Allah ne. Ta biyu ka ce mota ta iso da kaya, sai bayan la'asar ka auna, ka turo mini inuwa mai tsawon da za ta sa duniya ta koma girman ƙaramar hukumarmu. Ta uku ka turo hoto, sanda a jingine da buhun albasa. Daga nan ka fito fili ka ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri. In kafa ƙarfe a tsakiyar kasuwa ina aune-aune, ai cewa za a yi tsafi nake yi don albasata ta fi tafiya." Mutum ya auna duniya ba waya ba mota, ni kuma ɗan cikina ya kasa riƙe mini sanda a tsaye.

Kai kuma Kamaruddeen, kai ne a kusa, kai ka fi kowa jin bayanin, kuma kai ka fi kowa ɓata shi. Da ƙafata ta fara hana ni zuwa gona, ka zama mai tsaron layi. Ka ɗaura farin ƙyalle a ɗorawa. Aka fara kawo maka kaji da sunan sadaka, ba ka mayar ba. Na yi maka faɗa ka ce, "Baba, ai ba cutar kowa aka yi ba, niyya ce ke warkarwa." Bara kuma labari ya iso ni cewa ka yi magana da magini, za ka gina ɗaki a kan rijiyar, ka yi masa rufin kwano da ƙofa da kwaɗo, don a girmama wurin. Rufin kwano! A kan rijiyar da duk darajarta ita ce rana ta shige ta! Na tambaye ka, to ta ina ranar za ta bi? Ban taɓa jin na gaza a aikin koyarwa irin na wannan rana ba.

Sai ga shi kun haɗu a sadakar bakwai ta mahaifiyarku, Zubair ya kira ƙaninsa boka a gaban surukan ƙanin nasa, ya rantse ranar da na kwanta dama sai ya sa tifa ta cike rijiyar. Kamaruddeen ya ce wanda bai san inda ake rataye fartanya a gidan nan ba ba shi da bakin magana a kan gona. Tun daga nan ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa ku. Ɗaya zai binne ta da ƙasa, ɗaya zai binne ta da kwano, kowa kuma yana ganin shi ne mai hankali.

Akwai wani masani, Albiruni, da ya zo shekaru aru-aru bayan na Iskandariyya. Shi ya samo hanyar auna duniya daga kan dutse mai tsawo, ba ya buƙatar kowa ya tsaya masa a wani gari. Na daɗe ina zargin 'ya'ya irin nawa gare shi. Da akwai irin wannan dutse a ƙasar Tsanyawa da tuni na hau na hutar da ku, amma duk inda ka duba gonaki ne shimfiɗe.

Na huɗu. Littattafaina su tafi firamare, a sa su inda yara za su taɓa, ba a akwatin hedimasta ba. Cikinsu akwai bayanin Ibnul Haisam, wanda ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba. Saboda shi na huda ƙyauren zaure don ku ga hoton waje a kife a jikin bango, Mairo ta bi ta toshe da tsumma saboda sauro. Ita na yafe mata, don ta tsaya ta kalla sau ɗaya, ta ce ikon Allah, kafin ta toshe. Akwai kuma bayanin Muhammadu Bakatsine, masanin lissafin da ya fita daga nan maƙwabtanmu ya je ya koyar har Alƙahira, can ya rasu. A nuna wa yara shi musamman, don su san ba sai mutum ya fito daga wata uwa duniya ba.

Na biyar. Khairiyya, ke ce mai kula da wakafin nan tare da hedimasta. Ke kaɗai ce kika taɓa tsayawa kina juya taɓarya a tsakar gida kina neman inda inuwarta ta tafi. Kin san yadda ake gane ranar: idan bazara ta yi nisa, a riƙa tsayar da taɓarya da tsakar rana har ranar da inuwarta za ta ɓace. A wannan rana, daga hantsi zuwa azahar, ba guga. A kawo yara aji aji su leƙa, babba na riƙe da su. Kada ki yi saurin ba su amsa, ki bari wani ya tambaya. Bayan azahar mai son sha ya sha, ruwa ne mai daɗi, yana maganin ƙishirwa. Idan mijinki ya ga tafiyar ta yi yawa, ki nuna masa wannan takarda, ki ce roƙon mamaci ne.

Na shida. Sandar ƙarfen nan, Zubair, kyauta na ba ka tun ina da rai, ba ta cikin gado. Na san tana nan, matarka ta ce da ita ake tokare ƙofar shago. Ka ciro ta. Bazara mai zuwa Khairiyya za ta sanar da ranar. Kamaruddeen ya tsaya a bakin rijiya, ya kori masu jarka da bakinsa, tun da shi ya tara su. Idan ya ga rana ta zauna a ruwa, shi zai kira ka, da wayarsa, da muryarsa. Ba saƙo ta hannun Khairiyya ba, ba ta bakin yaro ba. Kai kuma ka kafa sanda inda ƙasa take a baje, ka duba zare, ka jira inuwa ta kai ƙarshen gajartarta, ka auna, ka faɗa masa. Duk wanda ya ce tsafi kake yi, ka ce masa duniya kake aunawa, ya zo ya riƙe maka zare. Khairiyya ta yi lissafin a kan allo a gaban yara.

Ba zan iya ɗaure gadonku da wannan sharaɗi ba, shari'a ba ta ba ni dama ba, na tambaya. Ba ni da abin tilasta ku sai cewa ni ubanku ne, kuma abu ɗaya na roƙa a rayuwata ban samu ba. An ce shi ma Eratostenis ya makance da tsufa, baƙin ciki ya sa ya daina cin abinci. Ni Musulmi ne, tuwona nake ci. Amma bazarar da ta wuce, da aka kai ni bakin rijiya a kan babur, na leƙa ban ga komai ba sai fari fat. Na zauna a gindin ɗorawa na yi hawaye, masu jarka suna cewa Malam ya shiga hali, a matsa masa. Shi Eratostenis aƙalla ya ga amsarsa kafin idonsa ya rufe.

Kada ku ce dabara na yi don in shirya ku. Girman duniya nake so a auna a gonar ubana. Ba laifina ba ne idan aikin ba ya yiwuwa sai da mutum biyu masu magana da juna, kowa ya yarda da abin da ɗan'uwansa ya gani.

Na yafe muku abin da kuka yi mini, har jinginar da sanda, har kajin. Ku ma ku yafe mini yawan surutu. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku, ya ba ku 'ya'ya masu tambaya, ya kuma ba ku haƙurin amsa musu. Ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe gidan nan, kada a ji kanku a kotu.

Na san hannunku, da wuya lissafin farko ya fita daidai. Idan bai fita ba, kada wanda ya ɗora wa wani laifi. Rana za ta dawo rijiyar baɗi. Kamaruddeen, ka sake kira. Zubair, ka ɗauka.