Ganyen da Ba Rama Ba a Ɗakin Shanyata

Zuwa ga Hajiya Husaina,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Abin da ke damuna yana rataye a wani ɗaki da ke bayan madafina. Ƙofar a rufe take, amma warinsa ya ƙi zama a ciki.

Sana'ata shanyar ganye: zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, da kuka idan lokacinta ya yi. A wurin mahaifiyata, Inna Dijatu, na gada, Allah ya jiƙanta. A garin Katagum na tashi, aure ne ya kawo ni Azare. Inna ba ta taɓa shanya a rana ba, ta ce rana tana cinye wa ganye launi. Ɗaki ta ware mai taga biyu suna kallon juna, ta ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango. Ina yarinya nakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin igiyoyin in kwanta ina kallon sama. Hasken da ke ratsowa ta cikin ganyen yakan zama kore-kore, sai in ji kamar a ƙarƙashin ruwan fadama nake kwance. Har yanzu idan na rufe ido, can nake komawa.

Doka ɗaya Inna ke da ita a ɗakin nan, kuma a kanta ta taɓa dukana: ba a haɗa ganye mai ƙarfin wari da sauran ganye, domin busasshen ganye yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi, kuma in ya ɗauka ba ya saki. Ko albasa ba ta shiga ɗakin. Da na yi aure na gina irin ɗakinta, na riƙe dokarta, har ƴan kasuwa suka san ganyena da tsabtar ƙamshi.

Maigidana, Abban Najmuddeen, ɗan acaɓa ne a da. Bara waccan mota ta ture shi a hanyar Jama'are. Ƙashi ya haɗu, amma ciwon ƙugu ya zauna. Hajiya, mutumin da ke shigowa gida da waƙa a baki ya koma kamar baƙo. Yakan wuni a gindin darbejiyar ƙofar gida yana kallon babura na wucewa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Da ma faɗan yake yi, da na san yana nan.

Da damina ta faɗi bana sai ya ce zai koma gonar mahaifinsa da ke bakin fadama, zai shuka mini rama don in daina saye. Na yi murna har na yi sadaka. Da kaka ta yi ya shigo da dammuna a keke napep, an lulluɓe da buhu. Yawancinsu rama ce tsantsa. Amma akwai wasu da ya ware, ganyensu mai yatsu-yatsu kamar na rama, sai dai ya fi siriri, gefensa kamar haƙoran zarto, kuma yana danƙo a hannu. Na ɗauka sabon iri ne da malaman gona suka kawo. Ni da na girma a cikin ganye, da hannuna na ɗaure shi dami-dami na rataye a igiyar tsakiya, wadda iska ta fi bi, kusa da zogalena.

Kafin mako ya zagayo na gane warin. Na san shi daga lungun bayan tasha, inda mata ke ƙara sauri in za su wuce. Tabar wiwi ce.

Da na tambaye shi bai yi musu ba. Ya ce wani abokinsa ya taɓa ba shi ya zuƙa a lokacin da ciwon ya yi tsanani, ranar ya yi barcin da ya manta irinsa. Ya ce yana tsoron ta hannun yaran tasha don bai san me suke gauraya mata ba, shi ya sa ya shuka ƴan tsiraru a tsakiyar rama, inda mai wucewa ba zai bambance ba. Ya rantse ba ta sayarwa ba ce. Ya kuma rantse tun da ya sa irin a ƙasa bai sake sa ta a baki ba, tasa yake jira ta bushe.

Na san abin da ya kamata in yi a ranar. Ban yi ba, kuma ga dalili, ko da za ki ga wautata.

Tun da ganyen nan ya shiga ɗakin, maigidana ya bar gindin darbejiya. Bayan la'asar sai in ji ƙarar sandarsa tana nufo ɗakin shanya. Ya ce dubawa yake zuwa yi, amma sai ya zauna a kan turmi, ya ja tire gabansa, ya kama taya ni tsigar zogale. Hasken nan kore yana sauka a fuskarsa. Yana ba ni labarin fadama: yadda balbelu ke bin shanun Fulani da sassafe, yadda ruwa ya janye ya bar kifi a ramuka, wata bishiyar kanya da suke hawa suna yara wadda har yau tana nan. Wata rana na ji yana rera wata tsohuwar waƙar noma ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Na juya baya don kada ya ga idona. A waɗannan yammacin sai in ji kamar haɗarin bai taɓa faruwa ba, kamar ni da shi muna ƙarƙashin ruwan nan da nake gani ina yarinya, babu mai ganinmu, babu abin da zai iso mu.

Amma ana ganinmu. Maƙwabciyata Phoebe, nas ce ƴar kudancin jihar nan, mun shekara muna musayar gishiri da magi ta kan katanga. Ta shigo sayen zogale, ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ja numfashi sau ɗaya, ta dube ni. Sai kawai ta tambaye ni yadda ƙugun maigidan yake. Sannan Maman Bolanle, wadda ke sarar ganyena a kasuwar Azare tana aikawa kudu, ta dawo mini da buhun zogale. Ta ce ita ba ta san me ya taɓa shi ba, kuma ba ta so ta sani. Dokar Inna ce ta kama ni. Zogalen ya sha warin.

Kwanan nan ina yawan mafarkin Inna. Tana zuwa har bakin ɗakin shanya da ƙwaryarta a hannu, sai ta tsaya, ba ta shiga, ba ta kuma yi mini faɗa.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne ruwan ƙarshe da aka yi ya bar danshi a ɗakin, kuma na ga fumfuna ta fara kama wasu daga cikin dammunan nasa. Hajiya, ban taɓa tsayawa ina kallon ganye yana lalacewa a igiyata ba. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. Shi kuma yana dubana da ido, ya san na fi shi sanin shanya. In na ceci ganyen, na zama abokiyar aikinsa a abin da na san haramun ne. In na bar shi ya ruɓe, ina tsoron mutumin da ya dawo mini zai koma gindin darbejiya, wannan karon yana ganin ni na mayar da shi. Ke da kike da karatu, akwai yadda ake ƙarasa busar da wannan ganye ya adanu ba tare da warinsa ya fita ba, ko na ɗan lokaci ne, har ciwonsa ya lafa? In babu, me zan yi?

Taki,
Mai Shanya, Azare

*

Wa alaikumus salam, ƴar'uwata Mai Shanya,

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don mu kawar da ita. Ba zan gaya miki yadda ake adana wannan ganye ba, kuma ina roƙonki kada ki biye wa ƙaiƙayin hannunki. Wannan ya zama ganye na farko da za ki bari ya lalace a igiyarki.

A dokar ƙasar nan, shuka tabar wiwi da ajiye ta laifi ne mai ɗauke da ɗauri mai tsawo, kuma babu sassaucin da aka ware wa wanda ya ce don maganin kansa ya shuka. Wanda ya san ana ajiye ta a wurinsa ya ƙyale, shi ma doka tana iya hawa kansa. Ɗakin naki ne, ke kika rataye. Mutum biyu sun riga sun ji warin, dukansu sun rufa miki asiri. Na uku ba ki san ko wane ne ba.

Ban ɗauki maigidanki mutumin banza ba. Ciwon da ya ƙi tafiya yana sa mai hankali ya kama duk abin da aka miƙo masa, kuma barcin da ya ce ya yi ba ƙarya ba ne. Sai dai barcin dare ɗaya bai gyara ƙugu ba, kuma mutumin da ya shekara yana zaune shiru yana kallon titi yana cikin waɗanda hayaƙin nan ya fi saurin riƙewa. Shirun nan da kika kwatanta ma abin kai wa likita ne, ba ƙugun kaɗai ba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki, domin amsar tana ciki. Kin ce ya rantse tun farkon damina bai sha ba. Ban san gaskiyar rantsuwar ba, ke kika fi ni saninsa. Amma in gaskiya ce, to mutumin da ke ba ki labarin balbelu yana rera waƙa bai zuƙi komai ba. Damina guda ya yi yana noma, ya shigo gida da abin da hannunsa ya shuka, ya sami wurin zama kusa da matarsa da aikin da zai iya yi a zaune. Ganyen dalilin shiga ɗakin kawai ya ba shi, don namijin da ya saba fita nema yana jin nauyin ya ce zai taya matarsa tsigar zogale. Ki ba shi wani dalilin.

Kada ki zubar da ganyen a bayan idonsa. In ya shigo ya tarar da igiya wayam, abin da kike tsoro shi zai faru. Ki zauna da shi a ɗakin, a lokacin nan na bayan la'asar, ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da waƙar da kika ji yana yi da juya bayan da kika yi. Ina kyautata zaton bai san kin lura ba. Ki nuna masa buhun da Maman Bolanle ta dawo da shi. Sannan ku sauke dammunan tare ku lalata su yadda ba za su moru ba, ban da ƙonawa a cikin gida, don hayaƙin zai gaya wa unguwa abin da kuke ɓoyewa. In akwai ragowar iri, ya bi su. Kada a jinkirta wannan.

Ki nemi Phoebe. Matar da ta ji warin nan ta tambaye ki ƙugun mijinki ta riga ta miƙo miki hannu. Ta nuna muku yadda za ku ga likitan ƙashi da masu gashin ƙashi da motsa jiki a babban asibitin da ke garinku, kuma ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya taɓa sha. Idan ya ƙi, ko kika gano rantsuwar ba ta tsaya ba, ki shigo da babba ɗaya daga danginsa wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe magana. Kada ki ɗauki wannan ke kaɗai.

Zogalen da ya sha wari kuwa, kada ki sayar wa kowa, ko da a rahusa. Asara ce, ki haƙura da ita. Ki kwance tsofaffin igiyoyin, ki buɗe tagogin biyu, ki shafe bangon. Ba zan yi miki alkawarin ba zai yi fushi ba, wataƙila ma ya koma gindin darbejiya na ƴan kwanaki. Ki bar turmin a inda yake. In ranar ɗaura sababbin igiyoyi ta zo, ki ce masa ke ba ki iya ƙullin da ba ya kwancewa ba, ki miƙa masa bakin igiyar.

Allah ya ba shi lafiya, ya rufa muku asiri, ya jiƙan Inna Dijatu. Ina fatan in ta sake zuwa miki a mafarki, za ta shiga ɗakin.

Hajiya Husaina