Sunan da Na Rubuta a Haƙoranka

Zuwa ga Yayana Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gaisuwar girmamawa, a duk inda fari ya kai ka.

Yaya, Hadiza ɗiyata ta sauka lafiya, an samu namiji. Na zama kaka. Da aka miƙo mini shi na yi ta dariya kamar taɓaɓɓe, har mata suka kore ni daga ɗakin. Ban gama murna ba sai ga ɗan aiken maigari. Jandarmomin Tasawa na nemana.

Ka san zamanin nan na soja, in an kira mutum ba ya tambayar dalili. Amma ɗan aiken ya faɗa mini. Makiyaya sun tsinci wani dattijo a gefen hanyar kudu, rai ya yi halinsa, an rufe shi. Ba takarda a jikinsa, sai haƙoran roba masu rubutu, an iya karanta Maijirgi, sunan garinmu.

Nan take na tuna da haƙoranka na roba.

Ka tuna kwanciyarka a likita, da aka haɗa haƙoranka da na wani tsoho ɗan Mayahi cikin kwano guda? Ka wuni da nasa a baki, dasashinka ya kumbura, kana ta zagin ma'aikaci. Da muka dawo gida ka ce, tun da gemuna ya yi furfura kafin in shiga makarantar dare, to bokon ya yi maka rana. Na zafafa allura a garwashi, na zana sunanka da na garinmu a gefen da ke kwanciya a ganɗa. Kana tsaye kaina da baki fayau, kana cewa kada in huda maka dukiya.

Da rumbu ya ƙare ka tafi neman hatsi, ka ce kafin haihuwar Hadiza kana gida.

Yaya, liman na tambayata sunan da za a raɗa wa yaron. Naka ne, tun yana ciki muka yanke. Abin da ban sani ba, ko za ka ɗauke shi ka kira shi takwara.

Gobe zan hau amalanke in tafi. Allah ya tsare ka in kana raye, ya jiƙan ka in kai ne. Allah ya sa in sun buɗe ƙyallen da suka naɗe haƙoran in ga rubutun wani.

Ƙaninka mai jiranka,
Idi