Tambayar Rifkatu a kan Ɓargo

Azare, Laraba da daddare

Yau na yi abin kunya a aji biyar. Na sayo ƙashin saniya wurin mahauta, na fasa don ɗalibai su ga ɓargo. Na ce musu a nan ƙwayoyin da ke haifar jini suke, wasu 'ya'yan su zama jajaye, wasu farare.

Rifkatu ta ɗaga hannu. "Malam, tunda uwarsu ɗaya, me ke sa wannan ta zama ja, waccan fara?"

Ban sani ba, littafina ma bai faɗa ba. Maimakon in ce haka, sai na ce ta cika iyayi. Aji ya kwashe da dariya, har na taya su.

Da aka tashi ta same ni wajen kekena, kanta a sunkuye. "Malam, ka yi haƙuri. Ƙanena ne mai sikila, kullum ana ƙara masa jini. Na zaci akwai yadda za a sa ɓargonsa ya riƙa yin jajayen."

Wai ita ce ke ba ni haƙuri. Tuwo ma na kasa ci. Gobe kafin in taɓa alli, a gaban waɗanda suka yi dariyar zan ce ban sani ba.