'Yata ta ba ƙofar shagona maki ɗaya

Hajiya, ki taimaka mini da shawara kafin ranar Alhamis. Amma in kin san bayan yarinya za ki bi, yadda kuka saba a wannan fili, ki ajiye takardata kawai.

Ni kafinta ne, shekara ashirin da biyu a shago ɗaya. Babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare. Suna da wani malamin labarin ƙasa, yara na ce masa Malam Taswira, wanda zaman aji bai ishe shi ba, ya kwaso su ya sako mana kan titi, wai binciken gari. Kowace ƙungiya aka ba ta layi ɗaya. Su yi taku ɗari su tsaya, su duba shara da kwata da ƙura da hayaniya, su ƙirga masu wucewa na minti biyar, su ba wurin maki daga ɗaya zuwa biyar, su ɗauki hoto, su ƙara gaba. Ƙungiyar 'yata layinmu aka ba su, kuma ita ce mai ƙirga taku. Tsayuwa ta bakwai ta faɗo daidai ƙofar shagona, ranar na tafi sayo katako.

Ban san komai ba sai ranar taron iyaye. Na sa sabuwar riga na je, sai ga taswirar layinmu a bango, ga jan ɗigo, ga hoton kwatata cike da garin katako, ga allon shagona ɓaro-ɓaro a sama. Maki ɗaya, da rubutun hannun 'yar da na haifa. Mai waldan da ke kusa da ni, wanda ƙararsa ke hana unguwa sakat, uku aka ba shi. Yana gefena yana dariya, yanzu ko gaisuwa zai yi mini sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

Ban ce kwatar tsaf take ba. Amma wannan garin katakon shi ya saya mata littafi da biron da ta rubuta ɗayan. Wa zai sani in ta ƙara taku goma ta wuce ni? Da na tsare ta, wai ƙa'idar aikin ke nan, inda ƙafa ta tsaya nan ake dubawa, ba a zaɓe. Ni za a koya wa awo? Ni da in tef ya nuna inci arba'in da bakwai ban taɓa ce wa mai kaya hamsin ba? Uwarta ta sa baki wai ranar binciken yarinyar ko abinci ba ta ci ba, wai kuma shi ya sa na same ta da shebur a bakin kwatar washegari. Na tuna, na kore ta, don ba zan bar 'yata budurwa tana kwasar kwata a gaban masu ciniki ba. Da ta buɗe baki ta faɗa mini dalili mana!

Yanzu Malam Taswira zai kai su bakin teku kwana biyu, su auna gangaren yashi, su ƙirga igiyar ruwa, su jefa lemo a teku su ga inda ruwa zai ja shi. Wannan shi ne karatu? Wai tafiyar ce kashi ɗaya cikin uku na makin jarrabawarta, kuma sai da sa hannun uba. Takardar tana aljihuna kwana shida, ranar Alhamis kuma za a rufe karɓa. Na ce ba za ta ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta yaya zan sa ta gane ta ci mutuncina?

Kafintan da aka tozarta

Malam Kafinta, ban ajiye takardarka ba, kuma ba zan lallashe ka ba.

Inda kake da gaskiya, kana da ita. Malamin ya yi ganganci. Kwata aka je dubawa, ba sunan mai shago ba, kuma liƙa hoton da allonka a gaban jama'a rashin tunani ne. Ka je ka same shi, ka ce a rufe allon ko a cire hoton, ba sai ka ɗaga murya ba. Ita ma yarinyar ta yi kuskuren yin shiru har ka je ka gani da idonka. Ka faɗa mata wannan ya yi maka ciwo, haƙƙinka ne.

Sauran kuwa fushi ne kawai. An sa su tsaya duk taku ɗari ne don kada kowa ya kauce wa ƙofar gidansu, in ba haka ba taswirar ƙarya za a zana. Taku goman da kake so ta ƙara su ne inci ukun da ka ce ba ka taɓa ƙara wa kowa ba. A shagonka ta ga haka tun tana rarrafe, yau ta yi abin da ta gani kana neman karya mata jarrabawa saboda yatsan mai walda. In ta faɗi, shi zai ci gaba da waldarsa, kai za ka zauna gida ɗaya da ita.

Kuma ka daina cewa ba ta nuna damuwa ba. Ta rubuta ɗayan, ta kasa cin abinci, ta ɗauki shebur ta zo gyara maka, ka kore ta. Haƙurin da kake jira ta riga ta ba ka shi, kai ne ba ka karɓa ba.

Ka sa hannu yau, kada ka kai Alhamis. Kwana biyun da za ta yi tana jefa lemo a teku, kai ka ɗauki shebur ɗin nan. In ta dawo, ka ce ta sake ƙirgo takunta daga bakin layi, ka tsaya a ƙofar shago ka jira makinka. Ko nawa ta ba ka, ka san ba alfarma ba ce.

Allah ya huci zuciyarka, ya kai ta lafiya ya dawo maka da ita lafiya.