Wutsiyar Ido

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan makwancinki ya yalwata. Mutanen gida suna lafiya. An yanke gero, dawa ta kusa. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa da gardamarsa.

Ni ce, 'yar farinki.

Kin bar ni ina karatun Larabci a kwaleji a birni. To, bana aka ɗora mana darasin ilimin taurari, wai kada mu fita ba mu san komai na kimiyya ba. Da ƙunƙuni na shiga ajin. Ni da nahawu ya sha wa kai, ina ruwan biri da gada?

Malamar ta ce rana ma tauraruwa ce, kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran haske. Ta ce duk taurarin da muke gani, har da Kaza da 'ya'yanta da kike nuna wa autarki Sadiya, 'yan gari ɗaya ne, wani makeken taro da ake kira galaksi. Irin waɗannan garuruwa kuwa birjik suke. Akwai maƙwabciyarmu, Andromeda, wadda ake iya gani da ido in wuri ya yi duhu. Wai mu 'yan ƙauye mu muka ci riba, 'yan birni fitilu sun cinye musu sama. Sai ta ce, "Kada ku kafa mata ido, ɓacewa za ta yi. Ku kalli gefe. Abu mai raunin haske, wutsiyar ido ta fi ganinsa."

Daga nan ban ƙara jin abin da ta faɗa ba. Ke na tuna.

Inna, ba ki taɓa kallona ba. Na san alkunya ce, kowa ya gaya mini haka ake yi wa ɗan fari. Amma na ji haushi, kuma har yau ina ji. Sadiya tana kwance a cinyarki kina mata kitso, ni kuwa sunana "waccan".

Kina tuƙa tuwo, kin ba ni baya, sai ki ce da Goggo, "A ce wa waccan ta sa rigar sanyi." Ko kuma, "Waccan ba ta ci abinci ba." Ban taɓa tambayar kaina yadda kike sani ba.

Ranar da zan fara kwaleji, gidan nan kaf suka raka ni bakin titin Gezawa. Ke kina tankaɗe, ko kai ba ki ɗaga ba.

A ciwonki na ƙarshe ni nake zama a bakin gadon. Kin juya kina fuskantar bango. Na yi ta jiran kallo ɗaya, har aka rufe miki ido.

Makon jiya na zo gida hutu. Da aka idar da sallar isha'i, sai na zaga bayan gida inda aka kwashe gero. Na dubi wurin da malamar ta kwatanta har idona ya kawo ruwa, ba komai. Na gaji na mai da ido kan reshen tsamiya, sai ga Andromeda a gefe, fari-fari, kamar an taɓa baƙin zane da hannu mai gari. Na juyo da sauri, babu. Na sake kau da kai, ta dawo. Hasken nan, in ji malamar, ya fi shekara miliyan biyu a hanya. Na zauna a kan kunyar gero.

Tun ranar nake ganinki. A gindin turmi, a ƙofar madafi, a gefen sallayata. Na koyi kada in waiga. Da na gaya wa Sadiya, tsorata ta yi, ta kai wa Baba labari, ya sa aka yi mini rubutun sha.

Ba wannan ne yake ba ni tsoro ba. Fuskarki ce na nema na rasa. Ba ki yarda an ɗauke ki hoto ba, ni ma kuma kunyar ta hana ni kallonki. Na san kunnenki, na san bakin kallabinki da gefen wuyanki. Sadiya ta ce akwai ɗigon baƙi a farin idonki na hagu. Ni ban taɓa sani ba.

Don Allah, Inna, haka kike ganina? Duk shekarun nan da kike kau da kai, kina ganina fiye da kowa, ko kuwa ni ce nake rarrashin kaina da darasin makaranta? Goggo ta rasu, ba wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mutane a bakin mota suke faɗin wannan, su wuce. Ni da gaske nake roƙo. In ranar ta zo, Inna, ki juyo.

Taki,
Hauwa'u