Igiyar Baba Mai Ƙulli Biyar

Zuwa ga Yayana Tahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya can Libreville, kai da Anti Larai da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan unguwar New Bell a Douala lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya ko tsumma. Ƙafar Inno ma ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa a sayar da shanun da Baba ke kiwo a Japoma, shi ya zauna a gida. Na san tausayi ne, amma ka saurare ni tukuna. Bijimai biyun da suka rame, ba sakaci ba ne. Idon Baba ne ya yi rauni, yana ta ɓoye mana. Ka san shi, shekara arba'in kallo ɗaya yake yi wa sa ya faɗi nauyinsa, yana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Yanzu dishi-dishi yake gani, sai ya riƙa ba su maganin tsutsar ciki ƙasa da nauyinsu, maganin bai yi aiki ba.

Hafiza 'yar Malam Haliru, wadda ta zama malamar gona, ita ta gano. Ta tara masu kiwo tana koya musu auna ƙirjin sa da metir, wato tef ɗin awo, a san nauyi kafin a ba da magani. Da aka miƙa wa Baba, sai ya ce shi ba tela ba ne, aka kwashe da dariya. Ni kuwa ina kusa, na ga ya kai metir ɗin dab da fuskarsa kafin ya mayar. Yaya, ranar a kan moto, babur ɗin haya, na yi ta kuka har gida.

Hafiza ba ta tona shi ba. Bayan kwana biyu ta zo da igiya, ta ce wai ruwan Douala yana cinye lambobin metir, ko Baba zai taya ta ƙulla na gargajiya. Suka yi ƙulli biyar, kowane ƙulli da yawan ƙwayar maganinsa. Ya san dabara ce, ita ma ta san ya sani.

Jiya na raka shi. Ya zagaya wa jan bijimin igiya, ya shafa da yatsa, ya ce ƙulli na huɗu, da muryar nan tasa ta dā. Bijiman sun fara ciko. Ya kuma yarda mu je asibitin ido ranar Litinin, da sharaɗin daga can a wuce da shi Japoma. Don Allah, Yaya, ka bar maganar sayarwar nan. Ido ya riga ya gaza masa, kada mu ma mu ƙwace masa hannu.

Inno tana gaishe ku, Fauziya ma. Ka shafa min kan Umar Faruk da Jannatu. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Sa'ida