Na Kyautar da Tabarauna Kafin In Buɗe Alƙur'ani

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi mini aikin ido na leza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin gona ne a Bungudu, wanda kuka yi wa aiki a watan Rajab na bara. Ina da kuka, ko da yake rabinsa a kaina yake.

Na farko, aikinku ya yi. Daga ƙofar gidana ina rarrabe motar Gusau da ta Tsafe. Ba kowa ke zuwa wurina ba, amma ina ganin su sarai suna wucewa.

Na biyu, likitanku ya yi bayani da Turanci, da sauri. Ya ce a kira mai fassara, na hana, don kada a raina elementaren da na yi tun yana cikin uwarsa. Na yi ta gyaɗa kai. Sai bayan komai na gane ya ce hangen nesa zai gyaru, amma karatu, ga mai shekaruna, sai da tabarau.

Da na dawo, a gaban jama'a na cire tabarauna na miƙa wa maƙwabcina Bulus tela, har da jawabi cewa ni na koma yaro.

Na uku, ni ke jan baƙi a tafsirin masallacinmu, wato ina karanta aya malam ya fassara. Ban haddace ba, da ido nake ja. Tun rasuwar uwargidana, nan kaɗai ake jirana. Ranar farko ta azumin bara na buɗe Alƙur'ani, sai ga baƙaƙen sun haɗe kamar tururuwa a kan rake. Na miƙe hannu da shi har iyaka, hannun ya gaza. Aka ba wani wurina, bana kuma an ce a gani tukuna.

Roƙona biyu ne. Ku riƙa faɗa wa tsofaffi da Hausa, ko sun yi muku Turanci, cewa kada su rabu da tabaraunsu. Sannan ku sa mini ranar awon sabo kafin Ramadan, ku rubuto amsa da manyan baƙaƙe.

Allah ya ƙara wa hannunku albarka, ya tsare muku idanunku har tsufa.

Zan dakata nan, domin aron tabaraun na yi wurin Bulus, ga shi tsaye a bakin zaure da allura a hannu.

Wassalam,
Tsohon mai jan baƙi, Bungudu.